Libarba ƙarama da kubenta: wacce za ta zauna da kaftani da sujada?

Baban Sadiq, Hustan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bindiga. Kun san ina da ɗan shagon kayan abinci, sai sha ɗaya na dare nake rufewa, kuma ni ke fita da cinikin ranar zuwa mota. Kwanan nan an tare maƙwabtana a wurin ajiye motocin layinmu, an ƙwace musu kuɗi. Na yanke shawarar mallakar ƙaramar bindiga da zan riƙa ɗauka a jikina ba tare da kowa ya gani ba. Hankalina ya fi kwanciya da libarba, wato bindigar hannu mai silinda da ke juyo da harsashi, don an ce ba ta da rikici. A shagon bindigogi an nuna min Smith & Wesson 642 da Ruger LCR, mai shagon ya ce in ɗauki wadda ta fi rashin nauyi. Wacce ta fi? Sannan wane irin kube ake saka ta? Takarduna cikakku ne, ina da girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka.

Abba, Atlanta: Wa'alaikumus salam Kawu. Libarba a wannan zamanin? Harsashi biyar kacal fa take ci. Ka nemi fistol irin SIG P365, goma take ɗauka a magazin, kuma ta fi libarbar sirantaka a jiki. 'Yan sandan ƙasar nan ma sun ajiye libarba tun shekarun 1980 da 1990. In ɓarayi uku ne suka tare ka, biyar za ta yi maka me?

Tsohon Soja, Dalas: Wa'alaikumus salam. Abba, sannu da zafin jini. Alhaji Baban Sadiq ba ɗan sanda ba ne, ba zai bi ɓarawo lungu ba. Mutum ne mai son ya isa motarsa lafiya.

Alhaji, bari in fara da abin da mai shago bai gaya maka ba. Bindigogin nan biyu duk masu kyau ne. 642 jikar Chiefs Special ce, wadda Smith & Wesson suka fitar a 1950, jikinta alminiyam ne, silindarta baƙin ƙarfe mara tsatsa, nauyinta giram 400 da ɗan ɗoriya. LCR ta fito a 2009, wani sashen jikinta roba ce mai tauri, ta ɗan fi 642 sauƙin nauyi. Duka biyun harsashi biyar suke ci na .38 Special, hancinsu bai kai inci biyu ba, kuma gudumarsu a rufe take cikin jiki, ba abin da zai maƙale a tufafi in ka zo zarowa. Wannan rufaffiyar guduma ita ce babbar fa'idarsu ga mai ɗauka a ɓoye. Kada ka yarda a sayar maka da mai guduma a waje don ta fi kyan gani.

Amma maganar "ɗauki mara nauyi" shawara ce ta mai sayarwa. Bindiga mara nauyi daɗin ɗauka gare ta, wahalar harbi gare ta. Duk ƙarfin da harsashi ya fita da shi, rabonsa na dawowa hannunka, nauyin bindigar ne ke shanye wani abu daga ciki. Akwai wata 340PD da ba ta kai giram 350 ba, tana cin .357 Magnum. Na harba ta, ji za ka yi kamar an zabga maka muciya a tafin hannu. Wanda ya sayi irin wannan harbi biyar zai yi ya mayar da ita akwati, ba zai sake komawa filin harbi ba. Ga kuma kunama: ta ƙaramar libarba sai ka ja nauyin wajen kilo biyar kafin ta tashi, alhali bindigar kanta ba ta kai rabin kilo ba. Kafin yatsa ya gama ja, baki ya karkace. Shi ya sa ƙwararru ke cewa ƙaramar libarba sauƙin fahimta gare ta, amma samun saiti da ita sai wanda ya sha wuya.

Abba, Atlanta: To ai Baba ka faɗi maganata da bakinka. Tunda ta fi wuyar saiti, me ya sa sabon shiga zai fara da ita?

Tsohon Soja, Dalas: Saboda akwai abin da take bayarwa wanda taka ba ta bayarwa. Ba ta da maɓallin da za ka manta ka buɗe. Ka buɗe silinda ka ga ramuka biyar da idonka, ka san ko da harsashi ko babu, ba a cewa "ai na cire magazin" alhali ɗaya na kwance a ciki, wanda shi ne yadda mutane da yawa ke harbin kansu wajen goge fistol. In harsashi ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama, silinda ta juyo da na gaba. In ɓarawo ya rungume ka kuka kama kokawa, bakinta ya dannu a jikinsa, za ta tashi, fistol kuwa in aka tura samanta baya kaɗan tana iya ƙin tashi. Kuma siffarta ba ta da kusurwa, a aljihu ba ta zana kanta kamar fistol.

Ban ce ba ta lalacewa ba. Ƙurar albarushi in ta shiga ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso, silinda sai ta ƙi rufuwa. Sandar fitar da kwanso kan kwance da kanta. Kuma in libarba ta cije, ta cije ke nan, sai makanikin bindiga. Tana son goga kamar kowace.

Ɗan Agadas, direban tirela: Salamu alaikum. Ni dokar nake so ku fara dubawa kafin ƙarfen. Alhaji kana Teksas, tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi yana iya ɗauka ba lasisi. Jojiya da Ohayo sun bi a 2022, Fulorida a 2023. Amma duk da haka ka je ka yi lasisin. Dala 40 ne kuɗin gwamnati, aji na awa huɗu zuwa shida, sai gwajin harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15. Dalili: akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, kuma wanda aka keɓe shi ne mai lasisin jiharsa. A Hustan ina za ka bi da mota ba ka wuce kusa da makaranta ba? Sannan lasisin ne jihohi da yawa ke karɓa in ka tsallaka iyaka.

Na ce da yawa, ban ce duka ba. Mu da muke kan hanya mun sani. Niyok da Niyu Jazi ba ruwansu da takardar Teksas. A 2013 wata mata daga Filadelfiya, Shaneen Allen, mai lasisin Fensilbaniya, ɗan sanda ya tsayar da ita a Niyu Jazi, ita da kanta ta ce tana da bindiga da lasisi. Aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Gada ɗaya ta tsallaka. Kuma masu yin Uber da Lyft a zauren nan, kamfanonin biyu sun hana direba ɗaukar makami yana aiki, ko da jiha ta yarda.

Ɗalibi, Ohayo: Don Allah ni da nake da bizar karatu fa? Unguwar da nake haya ba ta da daɗi. Ko wani mai girin kad zai saya min in biya shi?

Tsohon Soja, Dalas: Ƙanena, goge wannan tunanin daga ranka yau ɗin nan. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi mallakar bindiga ko harsashi, sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar lasisin farauta, wannan kuma maganar lauya ce, ba ta zaure ba. Wanda kuma ya cike fom 4473, takardar da ake cikewa wajen sayen bindiga a shago, ya ce shi ne mai saye alhali wani zai miƙa wa, babban laifi ya yi, shi gidan yari, kai gidan yari sannan jirgi. Ka sayi feshin barkono, ka nemi sauya unguwa.

Malam Na-Biranks, Niyok: Ni dai na karanta duk abin da kuka rubuta, raina bai kwanta ba. Alhaji, kuɗin ciniki nawa ne? Ya kai ranka? Ya kai ran yaron da za ka harba, wanda wataƙila shekararsa sha shida? Mun zo ƙasar nan neman halal, mun bar iyaye a gida suna jiran abin da za mu aika. Ka manta Philando Castile? Yuli 2016, a Minesota. Yana da lasisi, ya gaya wa ɗan sanda da ladabi cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a cikin mota gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Shi haifaffen ƙasar ne, Turancinsa ba gargada. Kai baƙar fata ne, musulmi, mai gemu, harshenka ya nuna baƙo ne. Ka sa kyamara, ka ƙara fitila a ƙofa, ka daina fita da kuɗi da dare, ka kai banki da rana.

Baban Sadiq, Hustan: Malam, Allah ya saka da alheri, maganarka ta shige ni. Kyamara akwai, fitila mai ginin ya ƙi ƙarawa. Kuɗi kuwa in an ce in bayar zan bayar, wallahi ba zan harbi ɗan kowa a kan dala ba. Abin da ya tsorata ni, ɗaya daga cikin maƙwabtan nawa ya miƙa kuɗin, duk da haka suka fasa masa kai da gindin bindiga.

Tsohon Soja, Dalas: Malam ya faɗi gaskiya, ba na jayayya da shi. Shawarar kai kuɗi banki da rana ma ta fi duk abin da na rubuta amfani. Game da 'yan sanda: in an tsayar da kai, kashe mota, kunna fitilar ciki, sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Ka faɗa da baki cewa kana da lasisi kuma kana ɗauke da ita, ka faɗi inda take, kada hannunka ya motsa sai ya ce ka motsa. Kada walat ɗinka ya zauna gefe ɗaya da bindigar. Wasu jihohin, kamar Mishigan, dole ne ka faɗa nan take ko ba a tambaye ka ba.

Maman Ilham, Kolombus: Sannunku da muhawara. Ni nas ce, kuma tun ɗazu ina jira in ji wanda zai ambaci yara, shiru. Alhaji, Sadiq shekararsa nawa? A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce hatsarin mota. Mu ke karɓarsu a asibiti. Gidajenmu kuma kun san yadda suke, ranar suna ko sallah yara goma sha suna shiga kowane ɗaki, suna buɗe kowace durowa. Kada wani ya ce min kunamar libarba ta yi wa yaro tauri. Yaro babban yatsa biyu yake sakawa, bakin kuma yana kallon fuskarsa. Kafin ka sayi bindiga ka sayi akwatin ƙarfe mai lamba. Sannan ka zauna da Maman Sadiq, don gidanta ne ita ma.

Ɗan Agadas, direban tirela: Hajiya ta yi daidai. A Teksas ma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Baban Sadiq, Hustan: Hajiya na karɓa, Sadiq shekararsa bakwai, akwai ƙannensa biyu. Akwati zai riga bindiga shiga gidan in sha Allah. To Alhaji Soja, saura kube. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: ni a shago yawanci kaftani nake sakawa, masu sayayya suna son ganin haka. Wandon kuma mai zariya ne. A shagon nake sallolina, Juma'a kuma ina zuwa masallaci.

Tsohon Soja, Dalas: Yauwa, yanzu ka zo inda gizo ke saƙar. Duk kuben da ke kasuwar nan an ɗinka shi ne don mai wandon jins da bel mai kauri da 'yar shat. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin mai kaftani har gwiwa da zai yi ruku'u da sujada sau da yawa a rana.

Sharuɗɗan kube uku ne, ko wane iri ne. Ya rufe kunama gaba ɗaya da abu mai tauri, yadda ko ka danna da yatsa daga waje ba za ta motsa ba. Ya riƙe bindigar, ka saka ta ba harsashi ka kifa shi a kan katifa ka girgiza, in ta faɗo ka mayar musu da kayansu. Kuma in ka zaro, bindiga ta fito kube ya tsaya inda yake. Waɗannan na yadin nailan masu arha da ake rubuta wa "yana shiga kowace bindiga", ka bar musu. Ka sayi wanda aka yi wa samfurin bindigarka.

Yanzu mu bi jiki. Aljihun gefe na kaftani shi zai fara zuwa maka a rai, kuma shi ya fi muni. Aljihu ne mai lilo, shadda ba ta ɗaukar nauyi, rigar za ta karkace gefe ɗaya kowa ya gane. Kana tafiya tana dukan cinyarka, ka yi sujada ta bugi ƙasa ƙwal, ka zauna tahiya ta zame daga bakin aljihun. Bayan ƙugu kuma, wato tsakiyar baya, da ka yi ruku'u sahun baya gaba ɗaya sun ga zanenta, in kuma ka faɗi a kanta ƙashin baya ne zai ji. Na idon sawu yana da kyau ga mai zaman mota, amma mu muna naɗe wando mu wanke ƙafa sau biyar a rana, muna cire takalmi a ƙofar masallaci, wandon kaftani kuma ƙafarsa matsattsiya ce. Ya fita.

Saura biyu. Na farko aljihun gaba na wando, da kuben aljihu irin DeSantis Nemesis, wanda bayansa ke kama yadi ya tsaya a ciki in ka zaro. A nan ƙaramar libarba mara nauyi ta fi kowa. Fa'idarsa, kana tafiya zuwa mota hannunka na aljihu a kan mariƙi, ba wanda ya san komai, in ba abin da ya faru ka fitar da hannunka ka buɗe mota. Sharaɗi: aljihun nan nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba goro, ba carbi. Carbi ma ya fi haɗari, don yana iya naɗe kunama. Illarsa, in kana zaune a mota zarowa da wuya.

Na biyu cikin ƙugun wando, ko ta gaba kusa da cibiya ko a kan ƙashin kwatangwalo. Wannan sai da bel na gaske. Zariya ba za ta riƙe ba, kube zai kwanta, ko ya biyo bindigar in ka ja.

Baban Sadiq, Hustan: To ai ko wanne na ɗauka, kaftanin ya rufe shi har gwiwa. Sai na tattare riga kamar mai tsallaka ruwa kafin hannuna ya kai?

Tsohon Soja, Dalas: Tela ne maganin wannan. Ka san jallabiya tana da tsaga a gefe wadda ake zura hannu a kai aljihun wando. Ka sa a yi wa kaftaninka irinta a gefen hannun da kake harbi da shi: daga waje kamar bakin aljihu, ciki kuwa a buɗe. Tsagar ta yi tsawon da dunƙulallen hannu riƙe da bindiga zai fito ba tare da ya maƙale ba, a kuma ƙarfafa ɗinkin bakinta sama da ƙasa. Wandon kuma a ɗinka shi da ƙugu irin na Turawa, da madaukan bel, aljihun gaba mai zurfi da yadi mai kauri, ba shaddar ba. Ni haka nawa suke duka. Telan da ke min ɗinki a gida ya ɗauka don waya nake so, na bar shi a haka.

Abba, Atlanta: Akwai kuma PHLster Enigma, Kawu. Shi da ɗamararsa yake zuwa, a jiki ake ɗaura shi ƙarƙashin tufafi, ba ruwansa da wando. Masu wandon motsa jiki da mata suna amfani da shi sosai. Da wando mai zariya zai yi.

Tsohon Soja, Dalas: Wannan ka kawo magana, Abba. Zai yi, sai dai tsada, da ɗan wahalar daidaitawa a farko. Amma a faɗa wa Alhaji gaskiya game da ɗauka ta gaba: mai tumbi zai ji ta a sujada, mariƙin zai tokare shi. Kuma bakinta na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take. Nauyin kunamar libarba na ƙara kariya, amma ba ya maye gurbin hankali. Wajen mayarwa ake samun hatsari, ba wajen zarowa ba. A hankali ake mayarwa, ana kallo, an kawar da riga, yatsa a miƙe a waje.

Maman Ilham, Kolombus: Wata ƙawata a jaka take saka tata. Wannan fa?

Tsohon Soja, Dalas: Hajiya, jaka ita ɓarawo ke fara fizgewa, kuma ita yaro ke fara buɗewa neman alewa. Jaka ana ajiye ta, a kujera, a keken sayayya, a gefen sallaya. In dole ne, to jakar da aka yi domin haka, mai zif na daban da kube a ciki, kuma ba ta barin kafaɗa. Mai hijabi da abaya ta fi kowa samun rufi a jiki, ɗamara irin wadda Abba ya faɗa ta fi mata.

Ɗan Agadas, direban tirela: Fata ko Kydex? Ni fata na fi so, ta fi laushi a jiki in ana doguwar tafiya.

Tsohon Soja, Dalas: A zafin Hustan da gumin da ake yi, Kydex. Roba ce mai tauri, ba ta shan gumi, ba ta lanƙwasa, bindiga na shiga ka ji ƙas. Fata mai kyau ba laifi, kuma ta fi dacewa da siffar libarba, amma tana tsufa. In ta yi laushi bakinta na iya naɗewa ya shiga gaban kunama lokacin mayarwa. Mai fata ya riƙa duba ta, in ta saki ya canza.

Malam Na-Biranks, Niyok: Har yanzu ina kan bakana, amma tunda an ambaci masallaci bari in ce wani abu. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannu don kada ya ji wa wani rauni, kuma ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Ku duba, a sahu kafaɗa da kafaɗa muke, yara na ratsawa, in ka yi sujada bakin bindigarka wa yake kallo? Na san harin da aka kai masallatai a Christchurch ta ƙasar New Zealand a Maris 2019, aka kashe mutum 51, na san dalilin da ya sa wasu masallatan suka ɗauki masu gadi. Amma wannan aikin kwamiti ne, ba kowa ya zo da tasa ba.

Ɗan Agadas, direban tirela: A Teksas tun 2019 doka ta bar wa wuraren ibada zaɓi, in ba su hana ba mai lasisi na iya shiga da ita. In ka ga allo mai lamba 30.06 a ƙofa, an hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiya. 30.05 na marasa lasisi ne. Jan allo mai 51% kuma wurin shan giya ne, wannan bai shafe mu ba. Kotu, ginin gwamnatin tarayya, da bayan shingen bincike a filin jirgi, duk haramun. A 2023 kaɗai bindiga 6,737 jami'an filayen jirgi suka kama a jakunkunan hannu, kusan kowa cewa yake ya manta.

Tsohon Soja, Dalas: Ina tare da Malam a nan. Ka tambayi liman da kwamiti, in sun ce a'a, a'a ce. Ka sa ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya a ƙarƙashin kujerar mota, ka cire ta tare da kubenta ka kulle, kada ka zare ta tsirara a cikin mota. Kuma a bayan gida ko wurin alwala kada ka taɓa cire ta ka ɗora a wani wuri. A nan ake mantawa da su.

Kawu, Kano: Ikon Allah. Mu da ke gida muna karatu muna mamaki. Alhaji in za ka zo hutu ka taho min da ɗaya, hanyar ƙauyenmu ta lalace.

Shugaban zaure: Kawu, na san wasa kake, amma kada wani ya ɗauka da gaske. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, libarba da fistol suna cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Fitar da ita daga Amurka ba izini ma laifi ne. Maganar saye wa wani ko aikawa gida, duk wanda ya sake kawo ta zan goge.

Baban Sadiq, Hustan: Jama'a na dawo da rahoto. Na je filin harbi da ake ba da haya, na gwada uku. 642 da harsashi mai +P, wato mai ƙarin ƙarfi, ta yi min zafi a tsakanin babban yatsa da manuni, kuma rabin harbin ƙasa da hagu ya tafi. LCR kunamarta ta fi santsi, mariƙin robar ya fi cika hannu. Sai yaron wurin ya ba ni Ruger SP101, ta ƙarfe zalla, sama da giram 700. Wannan kam daɗi, duk suka taru a tsakiya. Amma da na saka ta a aljihu sai wando ya nemi sauka.

Tsohon Soja, Dalas: Madalla, ka yi abin da ya kamata. Abin da ka gani shi ne cinikin gaba ɗaya: ta ƙarfe don bel, mara nauyi don aljihu. Ƙasa da hagu kuwa ba laifin bindiga ba ne, kana fizgar kunama ne kana jiran dukan. Tunda aljihu za ka yi, kuma LCR ta zauna maka a hannu, ɗauke ta. Ka bar +P tukuna. Ka nemi harsashin gasa mai shafaffen kai, mai nauyin giren 148 (ma'aunin nauyin harsashi ke nan), dukansa kaɗan ne, kuma mutane da yawa da suka san ƙananan libarba shi suke ɗauka ma. In hannu ya saba ka gwada Speer Gold Dot 135, wanda aka yi domin gajeren hanci. Akwai kuma LCR mai cin .327 Federal, harsashi shida, tana karɓar .32 H&R Magnum mai sauƙin duka, sai dai harsashinta ya fi wuyar samu a shago.

A gida ka riƙa atisaye da harsashin bogi: yara ba sa nan, harsashin gaske na wani ɗaki, ka buɗe silinda ka duba, ka sake dubawa. Ka ja kunama a hankali har ta faɗi ba tare da saiti ya motsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada yatsan hannun hagu ya wuce gaban silinda, wuta na fita ta tsakaninta da hanci.

Abba, Atlanta: Har yanzu biyar ce dai. Ya sayi 'yar robar nan ta Bianchi mai jera harsashi ya saka a ɗaya aljihun.

Tsohon Soja, Dalas: Ya saya, shafaffiya ce, ba ta kumbura aljihu kamar mai zagaye. Amma cika libarba cikin tashin hankali abu ne mai wuya, kada ya dogara da shi.

Maman Ilham, Kolombus: Akwatin fa, Alhaji? Maman Sadiq ta yarda?

Baban Sadiq, Hustan: Hajiya, ta yarda da sharaɗi biyu: akwati a kafe shi da ƙusa a cikin kabad, kuma in daina fita da kuɗi da dare, wato ta bi bayan Malam. Akwatin ya iso jiya. Na yi rajistar ajin lasisi, bindigar sai na gama. Kaftani biyu suna wurin wata mai ɗinki a nan unguwarmu, ta ce tsagar inci nawa?

Tsohon Soja, Dalas: Ta fara da takwas, ka dunƙule hannu ka gwada, in ya kama ta ƙara. Ranar Asabar ta sama zan shigo Hustan wurin 'yata. Ka zo filin harbin da kaftanin da wandon, zan taho da tawa LCR ɗin da kuben aljihu ka gwada zarowa ba harsashi kafin ka kashe kuɗinka. Ka sayo kwali biyu na 148 ɗin, da abin toshe kunne.